Ɓuntun shinkafa da batirin sodiyam: wane irin kabon kake nema?

Wani ɗalibin kimiyyar sinadarai a nan Sakkwato ya aiko da tambaya. Yana so ya yi binciken digirinsa na biyu a kan mayar da ɓuntun shinkafa kabon mai kafofi, don yin anod, wato ɓangaren nagatif, na batirin sodiyam mai caji. Shirinsa shi ne ya mayar da ɓuntun gawayi, ya cuɗa shi da KOH, wato sodar fotasiyam, kashi huɗu ga gawayi kashi ɗaya, ya gasa a digiri 800, domin ya karanta cewa iya yawan kafofi iya yawan caji. Yana tambaya ko tsarin ya yi, da kuma abin da zai iya ɓata aikin.

Malam, tsarin nan zai ba ka kabon mai kyau, sai dai ba na batirin da ka ambata ba ne. KOH kashi huɗu a digiri 800 hanya ce ta samun kabon mai buɗaɗɗun kafofi, wanda faɗin fuskar giram ɗaya nasa kan kai murabba'in mita 1,500 har sama da 2,500. Irin wannan ake nema wajen tace ruwa, da sufa-kafasita mai ajiye caji a fuskar kabon, da batirin litiyam da farar wuta. In ka ɗora shi a anod ɗin batirin sodiyam, tun a cajin farko zai lanƙwame maka sodiyam ɗin.

Dalili kuwa shi ne, a cajin farko ƙarfin lantarkin anod yana sauka har kusa da sifili, ruwan batirin kuma ba ya jure hakan. Duk inda ya taɓa kabon sai ya tarwatse ya bar siririn ɓawo a kai, wanda ake kira SEI. Ɓawon yana da amfani, domin shi ke kare sauran ruwan daga lalacewa, amma da sodiyam ake gina shi, kuma wanda ya shiga ginin ya tafi ke nan. To fuskar da ta kai murabba'in mita 2,000 dole a shafe ta kaf da wannan ɓawo. Shi ya sa a irin wannan kabon, abin da ke dawowa daga cajin farko sau da yawa ko rabi ba ya kaiwa. A ɗan batirin gwaji ba za ka ji zafin asarar ba, domin ɗaya ɓangaren guntun ƙarfen sodiyam ne da ya fi ƙarfin buƙata. A batirin gaske kuwa duk sodiyam ɗin daga katod, wato ɓangaren fozitif, yake fitowa, a ƙidaye yake, in rabi ya tafi rabin batirin ya mutu tun bai bar ɗakin gwaji ba.

Abin da sodiyam ke so shi ne kabon mai tauri, wato wanda ba ya komawa girafait, irin kabon ɗin bakin fensir, ko an kai shi digiri 3,000. A girafait, shafukan kabon a jere suke kamar rufaffen littafi, tazararsu nanomita 0.335, litiyam na shiga tsakaninsu har ya ba da 372 mAh/g, wato ma'aunin cajin da giram ɗaya ke ɗauka, a lissafi, amma sodiyam kusan ba ya zama a ciki. Kabon mai tauri kuwa kamar an yayyage shafukan an cukuikuye su an jibge ne: tazara ta buɗe zuwa 0.37 har 0.40, kuma a tsakanin cukuikuyayyun shafukan akwai ƙananan kafofi rufaffu, waɗanda sodiyam ke iya kutsawa amma ruwan batir ba ya iyawa. Ka ga ke nan kafofin ana son su, amma rufaffu, fuskar waje kuma kada ta wuce murabba'in mita 10 a giram in da hali. Tun a shekarar 2000 Stevens da Dahn suka nuna a Kanada cewa kabon da aka samo daga sukarin gulukos yana ɗaukar sodiyam kusan 300 mAh/g, har yau kuma wannan adadi, tare da dawowar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari a cajin farko, shi ne ma'aunin da za a gwada aikinka da shi.

Sai batun ɓuntun kansa. Samunsa ba wuya, duk inda injin casar shinkafa yake za ka tarar da shi tsibi-tsibi, ga kuma shinkafar fadamar Rima daga wajen Goronyo da Wurno. Matsalarsa silika, wato sinadarin yashi. Kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyin busasshen ɓuntu silika ce, in an mayar da shi gawayi kuma ta kan tasam ma rabin abin da ya rage. Silika ba ta sadar da lantarki, ba ta ɗaukar sodiyam ɗin kirki, nauyi kawai take ƙara maka. Dole a cire ta, cire ta kuma yana barin gurabenta a buɗe, wato dai buɗaɗɗun kafofin nan da muke gudu. Don haka ra'ayina: in ɓuntu kake so ka riƙe, sauya batirin, in sodiyam kake so ka riƙe, sauya tsiron. Ɓawo mai tauri da nauyi ya fi dacewa, irin ɓawon ƙodagon goruba ko na ƙwallon aduwa, waɗanda yanayinsu ya yi kusa da ɓawon kwakwa, da shi kuma kamfanin Kuraray na Japan ke yin kabon mai tauri na sayarwa. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa suna tsaka-tsaki. Karan gero da na dawa suna da fotasiyam da kulorin masu yawa, ga shi kuma masu dabbobi da masu danni ba za su bar maka su a banza ba. Ko wanne ka zaɓa, fara auna tokarsa: giram 2 busasshe a buɗaɗɗen kasko, digiri 575 zuwa 600, awa uku zuwa huɗu, ka auna abin da ya saura. Kuma ka tara kilo biyu ko uku daga wuri ɗaya, ka niƙe ka gauraye tun farko. Wanda ke sayo kaɗan-kaɗan daga kasuwa ba zai taɓa sanin ko zafi ne ya sauya masa sakamako ko buhu ba.

Wanki shi ne matakin da ɗalibai suka fi rainawa, a wurinmu kuma shi ne mafi nauyi, saboda ƙurar hunturu da jar ƙasar da ake shanya komai a kai. Ka wanke da ruwan famfo har ruwan ya fita fes, ka ɗauraye da tataccen ruwa, ka busar a digiri 105 har nauyin ya daina raguwa. Ranar Sakkwato za ta yi maka rabin aikin, amma a kan tire, a rufe da yadi. Bayan niƙa, ka naɗe mayen ƙarfe a leda ka ratsa shi cikin garin sau da yawa; baƙin gashin da za ka ga ya manne a ledar ƙarfen injin niƙa ne. Ƙarfe a cikin kabon yana sa wasu wurare su koma girafait a babban zafi, yana kuma sa batir ya riƙa zubar da caji yana ajiye.

Gashi biyu za ka yi, kada ka haɗe su. Na farko a digiri 400 zuwa 500, awa ɗaya zuwa biyu, ba tare da iskar oksijin ba. A nan ne hayaƙi da kwalta ke fita, giram 100 na busasshen ɓawo kuma ya kan bar maka gawayi wajen giram 30. In ka yi wannan a cikin tanderun bututu mai tsada, kwaltar za ta daskare a sanyin bakin bututun ta toshe mafitar gas. Tanderun akwati ya wadatar: ka cika kasko, ka rufe da murfinsa, ka saka shi cikin babban kasko ka binne da garin gawayi, wanda zai cinye oksijin ɗin da ya kutso. Wannan dabara ta gashin farko ce kawai.

Daga nan sai asid. HCl mai ƙarfin mola 1, wato kimanin mililita 83 na mai kashi 37 a cika shi lita ɗaya, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Mililita 10 ga kowane giram na gawayi, digiri 60 zuwa 80, ana juyawa awa uku ko huɗu. Wannan ke fitar da fotasiyam, kalsiyam, magnesiyam da ƙarfe. Ka yi ta ɗauraya har pH ya dawo 6 zuwa 7, sannan ka ɗiga silba naitiret a ruwan ɗaurayar ƙarshe. In ya yi fari-fari, da sauran kulorin, ci gaba da wanki. In ɓuntu ne, kafin asid sai ka dafa gawayin a sodar sabulu, NaOH mola 2, giram 80 a lita, digiri 90, awa uku, a mazubin roba mai jure zafi, domin soda mai zafi tana cin gilashi, ka kuma tace shi da zafinsa. Lallai a cire silikar kafin babban gashi. In ta wuce wajen digiri 900 sai ta fara komawa ƙirista, soda ta kasa narkar da ita, can sama kuma ta haɗu da kabon ta zama silikon kabaid. Za ka ga wasu suna amfani da asid ɗin HF. Kada ka kusance shi in ɗakin gwajinku ba shi da cikakken tanadinsa, ɗigonsa a fata yana ratsawa har ƙashi.

Ka gama niƙa da tankaɗe yanzu, da rariya mai lamba 325, wadda idonta maikuromita 45 ne, ko wadda ta fi ta laushi. Niƙa bayan babban gashi yana farfasa rufaffun kafofin da ka sha wahalar ginawa.

Babban gashin a digiri 1,200 zuwa 1,400 ake yi, a bututun alumina, ƙarƙashin gas ɗin agon, ko naitirojin mai tsabta in agon ya gagara. Bututun kwaz, wato gilashin silika zalla, ba ya wuce wajen 1,100. Ka bar gas ya gudana minti 30 kafin ka kunna wuta, mililita 100 zuwa 200 a minti, ka kuma ratsa mafitar ta cikin kwalbar mai don ka riƙa ganin kumfa da idonka. Hawan zafi kada ya wuce digiri 5 a minti, alumina ba ta son gaggawa, tsagewa take yi. Yi lissafi tun kafin ka fara: daga zafin ɗaki zuwa 1,300 a wannan tafiya awa huɗu ne da 'yan mintuna, ga awa biyu na tsayawa, wato sama da awa shida na wutar da ba ta ƙifta ba, sannan hucewa ta kwana guda gas na tafiya. Awa 14 a mililita 100 lita 84 ke nan na gas a gashi ɗaya. Ka tanadi janareto da mansa tun da wuri. In wuta ta ɗauke a tsakiya, kada ka taɓa gas ɗin, bar shi yana gudu, ka rubuta abin da ya faru, wannan samfur kuma kada ka kwatanta shi da sauran. Ba a buɗe bututu sai zafi ya sauko ƙasa da digiri 100. In ka buɗe ka tarar da fari-farin toka a saman garin, musamman ta ɓangaren da gas ke shigowa, iska ta shiga ta wata mahaɗa, fuskar kabon ta ciwu, sai a sake.

Me ya sa sai wannan zafi? Ƙasa da 1,000 kabon yana riƙe da oksijin da haidirojin masu yawa, kafofinsa a buɗe, asarar cajin farko babba. Yayin da zafi ke hawa, shafukan suna miƙewa su rufe bakin kafofin. In an zarce wajen 1,600 kuma tazarar ta fara matsewa, sodiyam ya rasa hanya. Gasa samfur uku, a 1,100 da 1,300 da 1,400 in tanderun zai kai, ya isa ya zama ƙashin bayan bincikenka.

In kuwa tanderun da ke hannunka bai wuce 900 ko 1,000 ba, wanda shi ne halin ɗakunan gwaji da yawa, to ka riƙe ɓuntunka da KOH ɗinka ka nufi inda buɗaɗɗun kafofi ke da daraja. Ka fara da kashi biyu ga ɗaya. Huɗu yana cinye kabon da yawa ya bar maka gari maras nauyi da ba ya matsuwa. Ka tuna ƙwayoyin KOH na kwalba kusan kashi 85 ne, sauran yawanci ruwa ne. Narka shi a ruwa kaɗan, jiƙa gawayin ya kwana, busar a 110, gasa a 750 zuwa 800 awa ɗaya, a ɗan kwanon nikel, domin narkakken KOH yana cin kwaz. A wannan zafi ƙarfen fotasiyam yana fita, yana tafasa a digiri 759, ya je ya daskare a sanyin bakin bututu. Yana kamawa da wuta in ya haɗu da ruwa, don haka a bar iska ta shiga a hankali bayan hucewa, da tabarau da safar hannu. K2CO3, wato fotasiyam kabonet, ya fi sauƙin sha'ani, ba ya ɓarna kamar KOH. Shi ne ma babban sinadarin da ke cikin ruwan tokar da mata ke tacewa daga tokar karan gero, kuma kwatanta ruwan toka da K2CO3 na kwalba tambaya ce da ta cancanci bincike, muddin an auna abin da ke cikin ruwan tokar, tun da na kowane gida da ƙarfinsa.

Irin wannan kabon za ka iya gwada shi a sufa-kafasita da ruwan KOH mola 6 a kan teburi, ba ka buƙatar akwatin agon, wato rufaffen akwatin aiki da iska ba ta shiga. A batirin litiyam da farar wuta, ana cuɗa shi da farar wuta kashi 60 zuwa 70, a rufe a ɗumama a digiri 155 awa 12, inda narkakkiyar farar wutar ta fi tsinkewa ta shige kafofin. Akwai kuma wanda ya fi kusa da buƙatar garinmu: batirin dalma na sola. Batirin da ba ya samun cikakken caji farantinsa na nagatif yana taurara da gishirin dalma, ƙara kabon kashi ɗaya zuwa biyu a kwaɓin farantin kuma yana rage hakan. Sharaɗin shi ne tsabta, domin ƙarfe kaɗan a kabon ɗin yana ƙara fitar haidirojin, ruwa ya riƙa ƙonewa, a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40.

Mu koma kan sodiyam. Kafin ka ɓata sinadarai, ka kai garin a yi masa XRD, wato gwajin hasken X-ray mai nuna tazarar shafukan kabon. Kabon mai tauri yana nuna tudu mai faɗi a kusurwar digiri 23 zuwa 24, daidai da tazarar nanomita 0.37 zuwa 0.39. In ka ga siririn tsini a 26.6, kada ka yi murnar samun girafait, galibi yashi ne, domin tsinin kwaz da na girafait kusan wuri ɗaya suke faɗawa. Ma'aunin faɗin fuska na BET da naitirojin buɗaɗɗun kafofi kaɗai yake gani, don haka ƙaramin adadi a nan labari ne mai daɗi.

Kwaɓin ilektirod na miligiram 500: kabon ɗinka 450, baƙin garin kabon mai sadar da lantarki na Super P 25, ɗankon CMC 25, wato giram 1.25 na ruwan CMC mai kashi 2 da aka bari ya kwana yana juyawa. Kada ka cika Super P, shi ma yana da fuskar da ke cin sodiyam. Na fi son CMC da ruwa a kan ɗankon PVDF da ake narkawa a sinadarin NMP: ya fi araha, ba guba, PVDF kuma yana daskarewa ya zama kamar roba in da sauran alkali a kabon ɗin ko in iska na da laima, kamar a watan Agusta. Ka shafa a fallen alminiyam da wuƙar shafi mai tazarar maikuromita 100 zuwa 150. Sodiyam ba ya haɗuwa da alminiyam; litiyam ne ke haɗuwa da shi, shi ya sa anod ɗin litiyam sai tagulla. Busar a 80, sannan a tanderu mai zuƙe iska a 110 zuwa 120 awa 12. In shafin ya tsattsage, ya yi kauri ko an gaggauta busarwa. In yana ɓarewa daga fallen, ɗanko ya yi kaɗan ko fallen yana da maiƙo.

Sikeli na iya rusa duk wannan wahala. Da'ira mai faɗin milimita 12 murabba'in santimita 1.13 ce, kabon da ke kanta bai fi miligiram 1.7 ba in ka shafa 1.5 a kowace santimita, alhali fallen da ke ƙarƙashinsa ya ninka shi nauyi. Kuskuren miligiram 0.1 ya zama kuskuren kashi 6 cikin ɗari a sakamakonka. Ka nemi sikeli mai karanta 0.01, ka huda fallen da ba a shafa ba guda goma ka ɗauki matsakaicin nauyinsu.

Haɗa ɗan batirin, CR2032 irin na makullin mota, sai a akwatin agon mai safar hannu, inda ruwa da oksijin ba su kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Babu dabarar da ke maye gurbinsa: ƙarfen sodiyam yana kama wuta da ruwa, gishirin NaPF6 kuma yana haifar da HF in ya ji laima. In babu shi a kusa, ka busar da ilektirod ɗinka ka like su a jakar da aka zuƙe wa iska ka aika inda yake. Malamin da ke duba aikinka ko Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo su ne wurin fara tambayar wa za a haɗa ka da shi. Ruwan batirin NaPF6 ko NaClO4 mola 1 a narke a sinadaran EC da DEC, shamakin tsakiya na zaren gilashi, gwaji daga bolt 2 zuwa 0.01 a 20 zuwa 30 mA/g.

Layin cajin zai nuna maka gangare daga sama zuwa wajen bolt 0.1, sannan shimfiɗaɗɗen layi a ƙasa da haka. Shimfiɗar nan ita ce alamar rufaffun kafofi, ita ke ƙaruwa da zafin gashi, kuma tana dab da inda sodiyam ke fara kwanciya a matsayin ƙarfe, shi ya sa cajin gaggawa ke da haɗari a nan. In gangare kawai ka gani, ko gashin bai kai ba ko iska ta shiga. Ka yi aƙalla batir uku ga kowane samfur, ka ba da rahoton abin da ya dawo a cajin farko tare da nauyin da ka shafa, ka kuma rubuta zafin ɗakin. A digiri 25 ake gwaji. Batirin da ya kwana a ɗaki mai digiri 40 zai nuna caji sama da gaskiyarsa a farko, ya kuma yi saurin gajiya, saboda haka na'urar gwajin tana buƙatar ɗaki mai sanyaya ko akwati mai riƙe zafi ɗaya dare da rana.